Gefen Tabarmar Iya

Wata Laraba ce, kasuwar Ƙonni na ci, an gama yankan gero, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, Kawu Sani ya zo daga Sakkwato ya sauke ɗiyarsa Balki a ƙofar gidanmu, da akwatinta na kwano da farin takalmin roba. Riƙo aka kawo ta wurin kakarmu Iya. Na yi murna har da tsalle, ni ma na ɗaukar mata akwatin zuwa ɗaki. Da na san abin da yarinyar nan za ta raba ni da shi, wallahi da ko hannun akwatin ban taɓa ba.

Baba fataucin albasa yake yi, a wata tafiyarsa ya sayo mana tele mai baƙi da fari. Da batirin mota take aiki, eriyarta kuma a kan doguwar gora aka ɗaure jikin bishiyar bedin tsakar gida. In an murɗa gorar ta dubi kudu sai tashar Sakkwato ta shigo. Iya na son kallo, amma yanar ido ta rufe mata gani, inuwa kawai take gani. To ni ce mai gani mata. Da la'asar nakan yi sauri in gama surfe, in cika randa, in watsa wa awaki harawa, in zo in zauna dama da ita a tabarma. Sai ta taɓo ni ta ce, "Rakiya, wane iri na wanga?" In ce siriri ne, hularsa ta karkace, yana ƙifta ido kamar hayaƙi ya shiga masa. Ingilishi ba na ji, mu Faransanci ake koya mana, don haka daga fuskokinsu nake ƙago abin da suke faɗa. Ta yi ta dariya har da tari, ta kwance bakin zane ta zuba mini aya a hannu.

Ranar farko da Balki ta zauna kallo, ina tsaka da bayani ta katse ni, wai mutumin ba faɗa yake da matarsa ba, maganar allurar yara yake yi. Daga nan fa ta shiga zuba kalmomin Ingilishi. Mai karanta labarai da ya tsuke cikin kwat, yana magana ba gargada, wai simat ne. Mai sanyin murya da ba ya katse kowa, jantul. Matar da ke ɗaga hanci tana kallon mutane ta ƙasan ido, firawud. Wanda ba ya ko murmushi, siriyos. Iya ta riƙa maimaita su tana gwadawa a kan mutanen gida, har bunsurunmu ya zama firawud. Kafin watan ya mutu ta ce, "Rakiya, matsa ma baƙuwa ta ji ni da kyau." Na matsa. Ban sake komawa wurin ba, ayar ma hannun Balki ta koma.

Kai, na ji haushi! Kishi na yi, kishi mai hana cin tuwo. Muryar Balki ma in na ji sai in bar wurin. Na daina fita gaɗa in tana dandali, na ƙi yin 'yar carafke da ita. Na gwada jefa wa Iya nawa Faransancin, ta ce wannan yaren mushe ne, malamin lakwal, kunnenta ya ƙoshi da shi. Abin da ya fi ƙona mini rai, Balki ba muguwa ba ce, har ayar takan raba ta miƙo mini, in kau da kai. Wata rana ina zaune can bakin turmi na cika na batse, Iya ta ce, "Balki, ita waccan mai kumburi, mi a ka ce ma irinta da Ingilishi?" Balki ta sunkuyar da kai ta ce, "Jelos." Gida ya ɗauki dariya, sunan kuma ya bi ni har bakin rijiya.

Na ji an ce a kolej ana koyar da Ingilishi, sai na ƙudurta can zan samo nawa in karɓi wurina. Na duƙufa a kan karatu kamar ba ni ba, ina jan guga ina bitar darasi, har mushe ya tambayi Baba abin da ya same ni. Da na gama aji shida na ci jarrabawar shiga kolej. Na zo da gudu na gaya wa Iya, ta shafa fuskata ta ce in an buɗe lakwal in kawo mata sababbin kalmomi, na Balki sun fara tsufa. Zazzaɓin damina ya ɗauke Iya gero bai ko fid da kai ba.

Yau Ingilishi nake koyarwa a Malbaza. Jikokina kowa da waya a hannu, suna kallo su kaɗai, ba mai tambayar wani abin da ya gani. Ni da Balki mukan yi waya mu yi dariyar bunsurun nan, amma in tana ba da labarin Iya har yanzu sai in sauya zance. Kalmomin duk na same su, har waɗanda Balki ba ta taɓa ji ba. Wadda na koyo su dominta ce ba ta jira ni ba.