Kujera ta Biyar

Zamfir Buzatu ya shekara talatin da takwas yana zaunar da mutane. A takardar kamfani an rubuta shi shugaban ɗakin cin abinci, amma ɗaukar faranti ba nasa ba ne. Nasa shi ne sanin wa zai zauna kusa da wa, sau uku a rana har kwana takwas, a jirgin da ke kwasar masu yawon shaƙatawa daga Braila ya gangara kogin Danube zuwa bakin teku, ya juyo.

A Braila aka haife shi, bayan tashar jiragen hatsi inda mahaifinsa ya yi dako har bayansa ya ranƙwafa. Yana da shekara ashirin da biyu ya shiga manyan jiragen teku masu ɗaukar fasinja dubu uku, ya fara da wankin kofuna a can ƙasa inda babu taga. Da sannu ya hau sama, bene bayan bene, har ya kai ɗakin da ake cin abinci da cokula uku. Ya dawo kogi ne bayan shekara ashirin, sa'ad da matarsa ta aika masa cewa ta gaji da auren hoto.

A teku ya koyi cewa yawancin rashin ladabin fasinja rashin sani ne, sauran kuma tsoro. Shi ya sa ba ya kunyata kowa. In mutum ya zo liyafar kyaftin da gajeren wando, Zamfir zai tare shi tun a ƙofa, ya ce masa a kunne akwai wani kwat da ya daɗe yana neman mai irin kafaɗarsa. Tsohuwar da ke cusa burodi da cuku a jaka lokacin karin kumallo, washegari sai ta tarar an naɗe mata su a takarda kusa da farantinta. Masu shimfiɗa tawul a kujerun saman jirgi tun asuba don kama wuri, su ne kaɗai ya kasa gyarawa, ya kuma daina ƙoƙari.

Ranar shiga jirgi yana tsayawa a bakin 'yar gadar da ake hawowa, fensir a bayan kunne. Yana kallon wa ke ɗaukar wa wa jaka, wa ke gaida matuƙa, wa ke magana tun bai ƙarasa hawowa ba. Kafin jirgi ya ɗaga ya gama raba tebura. Mai surutu yana haɗa shi da masu shiru, don in ka haɗa masu surutu biyu, ɗaya zai kwana da haushi. Abin alfaharinsa, wanda yake faɗa ko ba a tambaye shi ba, shi ne babu fasinjan da ya taɓa guje wa teburinsa ya koma cin abinci a ɗaki.

A wata tafiya cikin watan Yuli, ana zafi kamar a gidan burodi, wani dattijo da matarsa suka hawo. Domnu Horia Vlaicu, wato Malam Horia a harshensu, malamin lissafi mai ritaya, ya ninke kwat ɗinsa ya saƙale a hannu. Matarsa, Madam Otilia, tana sanye da baƙaƙen kaya, amma rabin matan da suka haura sittin a wannan kogi baƙi suke sawa. A takarda sunaye uku ne: su biyun da Sabin Vlaicu. Zamfir ya ɗauka na ukun zai tarar da su a tasha ta gaba, kamar yadda samari suka saba. Ya ga mutane ne masu shiru, sai ya ba su tebur na shida, tare da Titi Moraru, tsohon direban bas wanda bakinsa ba ya hutawa, da matarsa Geta. Kujera biyar, faranti biyar.

Da yamma aka kawo miyar kifi. Titi ya dubi kujerar da ba kowa, ya nuna ta da cokali.

"Domnu Horia, wannan bawan Allah fa? Jirgi ya tafi ya bar shi?"

"Ɗanmu ne," in ji Horia.

"Saurayi? To ka kwantar da hankalinka, Madam. Ya haɗu da wata a bakin tasha ne. Yanzu haka yana can ya manta yana da uwa. Ni ma na yi wannan zamanin, tambayi Geta."

"Kai dai ci miyarka," in ji Geta.

Madam Otilia ta ajiye cokalinta a gefen faranti, a hankali, kamar mai tsoron kada ya yi ƙara. Ta miƙe ta fita. Horia ya tashi ya ɗauki kwat ɗinsa daga bayan kujera ya saka, kuma a lokacin ne Zamfir ya ga ɗan baƙin ƙyallen makoki da aka ɗinka a wuyan kwat ɗin.

Washegari tun kafin a buɗe ƙofa ya ɗauke kujera ta biyar da hannunsa, ya kwashe farantin, ya gyara sauran huɗun yadda babu mai cewa an taɓa ajiye wani abu a wurin. Ƙarfe takwas Madam Otilia ta zo, mijinta na riƙe da hannunta. Ta tsaya a ƙofa, ta dubi teburin, ta daɗe tana dubansa, sannan ta juya. Ba ta zo da rana ba, ba ta zo da yamma ba. Abincin da aka kai mata ɗaki ya dawo yadda ya tafi, haka ma na kwana na biyu.

Tanti Frusina, babbar kuku, wadda ta girme shi da shekara uku kuma ba ta barinsa ya manta, ta dangwarar da tiren a gabansa.

"Ga aikinka nan, mai fensir. Ko shayin ba ta taɓa ba."

"Na gani."

"Ka gani. Da ma kana gani? Shekara arba'in kana leƙen mutane kamar ɗan kwastan."

"Talatin da takwas."

"Ka riƙe biyun, ka sayi tabarau. Wa ya ce ka ɗauke kujerar?"

"Na ce kada ta riƙa ganinta tana tunawa."

Frusina ta goge hannu a zanen gabanta, ta dube shi. "Tana tunawa. Kana nufin da ta manta?"

Zamfir ya hau saman jirgi, ya tarar da Horia shi kaɗai a can baya, yana kallon ciyayin bakin ruwa suna wucewa. Ya nemi izini, ya tsaya kusa da shi, ya ba da haƙuri ba tare da ya kawo wani uzuri ba.

Horia ya yi magana yadda ya saba a aji, ɗaya bayan ɗaya. Sabin injiniya ne, shekararsa ashirin da bakwai. Shi ya shirya wannan tafiya tun bara, su uku, don cikar auren iyayensa shekara talatin da biyar. Mako uku bayan haka wata babbar mota ta bi ta kan kekensa. Ranar Asabar ɗin nan zai cika shekara ɗaya da rasuwa. Sun yi addu'ar coci tun kafin su taso, tunda ana iya gabatar da ita amma ba a jinkirta ta. Shi Horia ya so a cire sunan daga takarda, Otilia ta hana.

"A gida an kwashe komai, Nea Zamfir," in ji Horia, yana kiransa da laƙabin da ake girmama manya da shi. "Bankinsa, wurin aikinsa, kowa ya goge sunan. Nan ne kaɗai wurin da ake jiransa. Maganar direban nan ta yi mata zafi, amma ta kwana ta huce. Da safe ne ta zo ta ga ku ma kun daina jira."

"Me take so a yi ranar Asabar?"

"Ta ba da abincinsa sadaka, ta saman tebur, da kyandir a kunne. Kyandirin yana jakarta. Na faɗa mata an hana wuta a jirgi, yana nan a rubuce a bayan ƙofar ɗakinmu."

Zamfir ya mayar da kujerar a ranar, da faranti da kofi, ya aika aka faɗa mata. Ba ta sauko ba. Sai ya nufi ɗakin tuƙi, wurin Kyaftin Ilarie, wanda ya san shi tun yana ƙaramin matuƙi.

"Kyandir ɗaya, Kyaftin. Minti biyar. Zan tsaya da bokitin ruwa."

"Nea Zamfir, ko uwata ce ba zan yarda ba. Fasinja ɗari da ashirin, rabinsu ba sa iya gudu. Kai da kanka ka taɓa ƙwace sigari a bakin wani babban soja."

"Ban ƙwace ba, roƙa na yi."

"To ni ma ina roƙonka."

Zamfir ya san gaskiyarsa ce, kuma da shi ne a wurin haka zai ce. Ya juya zai fita, sai ya tsaya gaban jadawalin tafiya da ke manne a bango.

"Asabar ƙarfe nawa muke tsayawa a Sulina?"

"Sha ɗaya zuwa huɗu."

"Dokarka a ina ta ƙare?"

"A bakin gada." Kyaftin ya ɗaga kai ya dube shi. "Teburin na kamfani ne, ka sani."

"Zai sha iska ya dawo."

Saura mai karɓa. Sadakar mamaci ba a ba dangi, sai bare, kuma in mamacin namiji ne, namiji ake ba. Zamfir ya sami Titi Moraru a kusurwar ɗakin shan shayi. Kwana uku ke nan ba a ji muryarsa ba, har Geta ta fara taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne.

"Ni?" in ji Titi. "Nea Zamfir, matar nan in ta gan ni a kogi ba za ta jefo mini igiya ba."

"Kai ne ka tambayi inda yake. Duk jirgin nan babu wanda ya tambaya sai kai."

"Da bakin jaki na tambaya."

"Da shi za ka ci. Kuma kada ka ce na gode, addu'a ake yi wa mamaci."

"Ni za ka koya wa? Na binne uwa, na binne uba, na binne surukai biyu." Sannan ya ce, "In na buɗe baki fa wata maganar banza ta fito?"

"Ina gefenka," in ji Geta. "Da takalmi mai tsini."

Frusina ta dafa alkama tun ranar Juma'a, ta haɗa ta da zuma da 'ya'yan itace ta yi koliva, ta yayyafa sukari, ta zana gicciye a kai. Zamfir ya je ƙofar ɗakin su Horia ya ƙwanƙwasa. Bai shiga ba. Daga bakin ƙofa ya faɗi abin da aka shirya da lokacinsa, ya ce idan Madam ba ta so, babu komai, za a mayar da tebur. Ba a amsa masa ba.

Ranar Asabar da tsakar rana matuƙa biyu suka sauko da tebur na shida ta kan gada, suka ajiye shi a bakin tasha ƙarƙashin wata bishiya. Zamfir ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera faranti biyar, ya auna tazarar cokula da yatsa kamar kullum. Sauran fasinjoji sun taru a jikin ƙarfen saman jirgi. Wani ya ɗaga waya zai ɗauki hoto, Zamfir ya dube shi kawai, mutumin ya mayar da ita aljihu. Titi ya zo cikin kwat na aro da ya matse shi a ciki, gumi na zuba.

Sha biyu ta wuce da minti goma. Miyar ta fara hucewa. Zamfir yana tsaye, hannaye a baya, bai dubi agogo ba sai sau ɗaya. Da minti goma sha biyar Madam Otilia ta bayyana a kan gada, jakarta a ƙirji, Horia a bayanta.

Ta zauna kusa da kujerar da ba kowa. Zamfir ya zuba miya a farantin Sabin, ya ajiye tuwon masara da soyayyen kifi da ɗan kofin koliva a kan tire. Ta ciro kyandirin, siriri, ruwan zuma. Iskar teku ta kashe ashana biyu a hannun Horia. A ta uku Zamfir ya matso ya tare iskar da jikinsa. Ta ɗauki tiren da hannu biyu, kyandirin na ci a kai, ta miƙa wa Titi ta saman tebur.

"Don ran Sabin," ta ce.

Titi ya miƙe ya karɓa. "Allah ya jiƙansa, ya yafe masa."

Ya zauna ya fara ci, kansa a ƙasa. Ya shanye miyar, ya kai rabin kifin, sannan ya ɗago.

"Madam, yana son kifi kuwa?"

Geta ta motsa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Amma Otilia ta riga ta amsa.

"Ko ƙamshinsa ba ya so. Yana ɗan shekara shida ƙaya ta maƙale masa, tun daga nan ya yi rantsuwa."

"To ya shirya tafiyar kwana takwas a kogi?"

"Saboda ubansa. Ya ce shi zai rayu da burodi."

"Da ya rame," in ji Titi. "Burodin jirgin nan ko bas ɗina ya taka shi ba zai lotsa ba."

"Ina jinka," in ji Frusina daga kan gada.

Otilia ba ta yi dariya ba, amma ta ci gaba da magana. Ta faɗi yadda yake kwance agogon gidan yana ƙarami, da yadda yake kiranta duk Lahadi ƙarfe bakwai, ko da ba shi da abin faɗa. Tana cikin magana ta ɗauki cokalinta, ba tare da ta lura ba, ta kai miyar baki. Horia ya ga haka, ya kawar da kai wajen ruwa. Zamfir ya ƙara mata burodi a gefen faranti, ya koma baya taku biyu.

Sai da kyandirin ya cinye aka tashi. Matuƙan suka zo ɗaukar tebur. Zamfir ya tsaya gabanta, ya ɗan sunkuya.

"Madam Otilia, yau da yamma faranti nawa zan jera?"

Ta yi tunani kafin ta amsa.

"Biyar. Har mu isa Braila."

"Ƙarfe bakwai ne."

"Na sani," ta ce. "A cire masa kifin."