Taken da Aka Ƙi Amsawa a Kasuwar Maigatari

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka kai Tanimu makwancinsa, a maƙabartar ƙauyenmu da ke tsakanin Sule Tankarkar da Gumel. Duk damina idan gero ya kai gwiwa sai ya faɗo mini a rai, in yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa shirun. Kwanakin baya na tarar da wasu dattawan garinmu a gindin dalbejiya suna cewa, "Allah ya jiƙan Tanimu, mutum ne mai faɗin gaskiya." Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ban san abin da ya yi masa ba a cikinsu.

Tanimu taubashina ne. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana ragon malami, saboda na bar garma na riƙi alli. Makaɗin noma ne, gadonsa ne daga uba da kaka. Gajere ne, baƙi, mai faɗin ƙirji, ga baki kamar reza. Idan ya rataya gangar nan tasa, kansa da ƙafafunsa kaɗai ake gani.

Ga wanda ya tashi a birni, bari in yi ɗan bayani. A ƙasarmu kowane gidan manoma yana da takensa, wato kiɗan da ganga ke kiran gidan da shi. Ba a rubuce yake ba, a hannun makaɗi yake, uba ya koya wa ɗa. Idan ana gayya, manoma sun jeru a gona, makaɗi na biye da su, sai ya kaɗa taken mutum. Duk gajiyar da ya yi zai miƙe, ya ɗaga garma sama, ya yi kirari, ya ambaci ubansa da kakansa, sannan ya duƙa kamar yanzu ya fara. Ko a hanya ko a kasuwa aka kaɗa maka, dole ka tsaya ka ɗaga hannu. Wanda ya ji taken gidansu ya wuce, daidai yake da wanda aka kira sunan ubansa ya ce bai san shi ba. Har na yi gemu ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba. Ni ma ina da na gidanmu, sai dai ɗan banzan ya ƙara masa baki na tsiya, idan ya kaɗa sai ya ce, "Malam na alli, rana ta yi, a koma inuwa."

Abin ya faru ne a farkon shekarun casa'in, ba a daɗe da ba mu sabuwar jiha ba, lokacin da sojoji suka bari a yi siyasa ana zaɓen ƙato bayan ƙato. Wani ɗan garinmu mai hali ya fito takara. Ba zan faɗi sunansa ba, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, Alhaji kawai zan ce. Ya yi mana alkawarin rijiyar burtsatse, kuma wanda bai taɓa jan ruwa a rijiyarmu ba ba zai san nauyin wannan alkawari ba. Zurfinta ya kai sai an ɗaura wa sa igiya ya yi ta tafiya kafin guga ya fito. Gari duka ya bi Alhaji. Amma a wannan daminar takin zamanin da aka ce an turo wa manoma bai iso hannun kowa ba, kuma kowa ya san ta hannun wa ya biyo. Ana ganin motoci a rufe da tamfol suna nufar iyaka. A bakin rijiya ana faɗa, a ƙofar masallaci ana faɗa, ƙasa-ƙasa.

Sai Alhaji ya kira gayya a babbar gonarsa. Muka isa muka tarar da gero kore shar, har yana baƙi-baƙi, alhali na maƙwabta ya yi rawaya ya tsuke. Aka jeru, Tanimu ya fara bin mutane da takensu. Da rana ta take, sai muka ji ya canza hannu, ya ɗaga murya:

"Taki ya tafi ƙasar Faransa karatu,
Geronmu na nan yana jiran ya dawo.
Mai gona, naka wa ya hana shi tafiya?"

Ƙasar Faransa dai haka tsofaffinmu ke kiran Nijar. Ina so mai karatu ya riƙe wannan da kyau: babu wanda bai yi dariya ba. Garba Sarkin Noma, shugaban manoman garin, dariya ta sa har ya yar da garma. Manoma suka karɓi amshi, suka yi ta maimaitawa har aka kai ƙarshen gona. Da yamma na ce masa, "Bawana, ka jawo wa kanka." Ya ce, "Ragon malami, me na faɗa wanda ba su faɗa a bakin rijiya ba? Ni ganga kawai na sa masa."

Ashe wani ya ɗauki waƙar a rediyo mai kaset. Kafin mako ya zagayo tana tashi a lasifikar 'yan ɗaya jam'iyyar, motarsu na yawo da ita daga Gumel har Gagarawa. Ba su tambaye shi ba, ba su ma san kamanninsa ba. Dattawa suka kira shi zauren mai unguwa, ina wurin. Mai unguwa ya ce ya yi wata waƙar ya wanke Alhaji. Tanimu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, in yabe shi zan iya, ya yi abin yabo da dama. Amma in ce takin bai tafi ba? To ina yake?" Mai unguwa ya ce, "Kai makaɗi ne. Makaɗi ba ya shiga maganar manya." Tanimu ya hau keke har Gumel ya roƙi masu lasifikar su daina sa muryarsa. Suka ba shi lemon kwalba, suka yi masa tafi, suka ƙara sauti.

Ranar zaɓe, a gaban idon kowa, Tanimu ya shiga layin Alhaji. A zaɓen ƙato bayan ƙato ba a ɓoye wa kowa komai, duk garin ya ga inda ya tsaya. Ya ce mini shi ma matarsa Ladi a rijiyar nan take wuni. Duk da haka Alhaji ya faɗi, burtsatse ta tafi wani gari, aka nemi wanda za a ɗora wa, aka samu.

Babu soja ko ɗan sanda da ya taɓa shi. Wannan ne ke ci mini rai har yau. Mun iya zama mu zagi hukuma a kan hana mutane magana, amma Tanimu ko ofishin 'yan sanda bai taɓa leƙawa ba. Mu muka yi masa. Aka daina kiransa gayya. Aka daina kiransa suna da biki. Da babbar salla, gidajen da suka saba aika masa fatar layya don ya sake wa ganga fuska suka manta hanyar gidansa. Ladi ta je rijiya, a yi ta tsallake tulunta har rana ta yi tsaka. Mutanen da suka karɓi amshi a gonar Alhaji su ne suka koma cewa su tun farko ba su ji daɗin waƙar ba.

Shi kuwa bai yarda abin zai ɗore ba, kuma nan ne ya yi kuskure irin na makaɗi. Ya ce mini, "Fushi da ni suke yi, ba da iyayensu ba. Bari in kaɗa musu take ka gani." Bayan kaka, wata Alhamis, ya ɗauki ganga muka tafi kasuwar Maigatari, inda rabin mazan garinmu ke zuwa. Muka shiga kara, wajen masu sayar da shanu, muka hango Garba Sarkin Noma yana cinikin bijimi. Tanimu ya tsaya a bayansa ya sake masa taken gidansu, wanda kakan Tanimu ya kaɗa wa kakan Garba.

Na ga kafaɗar Garba ta motsa. Hannunsa na dama ya fara tashi da kansa, don jiki ya riga ya saba. Da ya kai daidai kunne, sai ya kama hularsa ya gyara mata zama, ya ci gaba da magana da dillali. Tanimu ya sake kaɗawa. Garba bai waiwayo ba. Wani tsoho daga mutanen Damagaram, su ma sun san al'adar, ya matso ya ce, "Kai makaɗi, mai wannan take ya mutu ne ba magaji?" Tanimu ya ce, "Yana nan, Baba. Ciniki yake yi."

Bai tsaya nan ba, da ma ya tsaya. Ya bi kasuwar rumfa rumfa, duk inda ya ga ɗan garinmu ya kaɗa masa. Wani ya duƙa yana duba haƙoran akuya, wani ya shige bayan buhunan riɗi. Daga ƙarshe ya juyo ya kaɗa nawa. Na ɗaga hannuwa biyu, na yi kirarin da ban iya ba, har mutane suna kallona. Ya yi dariya, hawaye na bin fuskarsa, ya ce, "Duk garin nan, rago kaɗai ya amsa." Muka shiga mota muka komo gida.

Damina ta gaba mutum ɗaya ne ya kira shi aiki, Malam Bitrus, malamin gona ɗan wajen Filato da ke zaune a Gagarawa. Ya tara 'yan cocinsu su nome masa 'yar gonar riɗinsa, ya aiko a zo da Tanimu. Mutumin ba shi da take, Tanimu ya ƙirƙira masa a nan take, Bitrus ya ɗaga fartanya yana ihu da Hausarsa ta mutanen dutse. Allah ya saka masa da alheri. Amma gayya ɗaya ba ta ciyar da gida. Tanimu ya rataye ganga, ya koma dako a Gagarawa Tasha, yana loda buhuna a mota. Na roƙe shi ya koya wa ɗansa takunan garin ko da a ɗaki ne. Ya ce, "In koya masa ya kaɗa wa wa?" 'Yan shekaru ya yi a dakon, ciwon ƙirji ya kama shi, ya dawo gida ya kwanta. Ranar jana'izarsa gari ya cika maƙil. Garba na cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya riƙe ta da hannun nan na dama.

Alhaji kuwa bai yi shekara biyu ba ya shirya da waɗanda suka kayar da shi, ana ganinsu mota ɗaya. Babu wanda ya tsallake tulun matarsa.

Yanzu jikokina kan nuna mini a waya yadda ake yi da mawaƙan zamani. Yaro ya yi waƙa ya taɓa wani ɗan siyasa, ko ya yabi wanda jama'a ba sa so, kafin la'asar dubban mutane sun zage shi sun zagi uwarsa, an ce kada a ƙara gayyatarsa biki. Kalmar ma ba ta canza ba, wai mawaƙi ya tsaya ga waƙarsa, ina ruwansa da siyasa. Amma idan ya yabi namu, sai mu ce ɗan kishin ƙasa ne. Nakan tambayi kaina me Tanimu zai ce da ya ga wannan. Ina jin zai yi tsaki ya ce su Garba sun fi su, don su sai da suka tsaya a gabansa a rana kafin su juya masa baya, waɗannan kuwa daga kan katifa suke yi. Kuma zai tambaya ko takin ya gama karatun, don har yau geronmu na jira.

Ba na cewa mutanenmu ba su da dalilin fushi. Na sha ruwan rijiyar nan, na ga tafin hannun mata yadda igiya ta mayar da shi. Mutum yana da ikon ya ji haushin waƙa, ya ce ba ya so, ya tashi ya bar wurin. Abin da ban yafe ba shi ne a rera da kai a gona, sannan a bar ka kai kaɗai da maganar, a toshe maka abinci har ka mutu kana dako, daga baya kuma a zauna a inuwa ana kiranka mai gaskiya don yanzu faɗin haka ba ya cin kowa komai.

Me ya saura na Tanimu? Gangar ta tsage a rataye, gara ta cinye icen. Ɗansa yana acaɓa a Sule Tankarkar, bai san yadda ake riƙe sandar kiɗa ba. Waƙar takin ma yaran yanzu ba su taɓa jin ta ba. Na daɗe ina zaton babu abin da ya bari, sai watan jiya na gane abin da ya tafi da shi.

Sabo, ɗan Garba, shi za a naɗa sabon Sarkin Noma. Ya ɗauko makaɗa daga wajen Gumel, suka ce ya faɗa musu taken gidansu su kaɗa ranar naɗi. Ya zaga garin duka, babu wanda ya iya. Ya zo wurina ya tsuguna ya ce, "Baba Malam, an ce kai ne na kusa da marigayi. Ko ka riƙe namu?" Gaskiya na faɗa masa. Na ji shi ba adadi, amma kunnen malami ba hannun makaɗi ba ne, ko nawa ma yanzu bakinsa kaɗai nake tunawa. Yaron ba shi da laifi, sai da na ji tausayinsa. Ya ce, "To Baba, yanzu ina zan same shi?" Na ce masa, "Rabona da jin sa tun wata Alhamis a kasuwar Maigatari, an kaɗa shi har sau biyu, mahaifinka yana tsaye a wurin, yana gyara hula."