Kwalin da Aka Ba Mai Nama

Shekarun baya, lokacin ina koyar da Faransanci a wani kwalej a Arlit, idona ya faɗa kan wani kaye, wato littafin rubutu, mai ƙaurin hayaƙi. Na wata 'yar aji ɗaya ne da aka kawo daga Dannet. Layi uku kacal ta rubuta, kuskure ya fi goma, amma a ciki ta ce raƙumar babanta tana kuka kamar wadda aka saɓa wa alkawari. Ni da littattafan soyayya suka gama lalatawa tun ina Damagaram, nan take zuciyata ta narke. Na ce na ga tauraruwa.

Daga ranar, duk ƙarshen wata nakan ɗauki rubutu ɗaya na kowane ɗalibi, in sa kwanan wata, in ajiye a kwali a ɗakin ajiyar makaranta. Abokan aikina har tsiya suke yi mini, wai na auri kwali tunda na rasa mata. Shekara huɗu ina kallon layi ukun nan suna zama shafi, shafi yana zama labari.

A ajin ƙarshe ta shiga wata gasar rubutu. Wanda ya ci, za a ɗauki nauyin karatunsa a lise, wato babbar sakandare, a Agadez. Ita ta zo ta ɗaya. Sai ga saƙo daga alƙalan gasar, wai ɗiyar makiyaya ba ta iya wannan rubutu, malaminta ne ya yi mata. In akwai hujja, a kawo kafin Alhamis.

Dariya na yi. Hujja? Ai kwali guda gare ni!

Na je wurin mai riƙe da makullin ɗakin ajiya. Yana shan shayi, ko tashi bai yi ba.

"Waɗancan tsofaffin takardun? Na ba mai nama tun lokacin hutu."

"Ka ba wa?"

"Haba Mushe," in ji shi, don haka ake kiran malami a can, "shirmen yara ne fa. Ko wasiƙun budurwarka ne a ciki?"

Na juya na fita da gudu. Na haye kabu-kabu sai bakin kasuwa. Mai nama ya ce, "Malam, takardunka sun yi albarka, ba sa yagewa." Ma'aikatan ma'adinai sun cinye shekara huɗu da yaji. Shafi biyu nata na tsinta, mai ya shanye rabin kalmomin.

Su na kai wa alƙalan. Babbansu ya ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ya ce, "Wannan hujja ce ko kalaci?" Na roƙe su su zaunar da ita ta rubuta a gabansu. Suka ce ba lokaci, an riga an tura sunan na biyu.

Babanta ya zo da rawaninsa, ya ce da gurguwar Hausarsa, "Malam, an ce yarinya ya yi sata. Ya yi?" Na ce bai faru ba. Ya ce, "To wurin da ake kiran mai gaskiya ɓarawo, ba ya zama." Ya tafi da ita.

An ce in yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta riƙe makulli. Mutum ne ya ga wahalar yara bai ga komai ba sai abin ƙunshe tsire.

Bara na gan ta kusa da gidan waya, da ɗan teburi da bik, wato biro. Ma'aikatan da aka sallama sun yi layi tana rubuta musu takardun koke. Ta gaishe ni, ta ce, "Mushe, yanzu ba mai cewa wani ya rubuta mini. Ni ke rubutawa, su sa hannu."