Sanƙon Zaki

A gidan tarihin namun daji na Iskandariyya, ga wani gajeren dattijo, Usta Fahim, tsaye kan kujera yana taje gezar mataccen zakin da aka cusa wa ciyawa. Yadda yake kaɗa almakashi a iska, ko ba a faɗa ba tsohon mai aski ne. Zakin ya yi sanƙo, yau kuma shugaba zai yanke hukuncin kai shi sito. Dattijon yana kwanto gashin gefe yana rufe sanƙon, har da rawar kafaɗa.

"Kar ka motsa, ranka ya daɗe," yake raɗa wa zakin.

Shugaba ya iso, ya ƙare masa kallo, ya ɗaga hula, nasa sanƙon yana ƙyalli.

"Zaki ya zauna. Usta, ni fa, yaushe zan shigo layi?"