Baƙar Wayar da Na Ɗaura a Jikin Mota

Har gobe ba zan manta da Asabar ɗin da aka tsayar da Oga Isuhu a gaban taron gareji kan laifin da ni na aikata ba. Ina zaune a benci na biyu, hannuwana a aljihu, ban ce uffan ba. An yi shekaru, amma duk sanda abin ya faɗo mini sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sunana Tasi'u, aikina wayarin ɗin mota a wani gareji da ke hanyar shiga Rafin Guza. A lokacin na shekara goma sha takwas a sana'ar, ana kirana Injiniya, ni kuma ina amsawa har da gyara wuyan riga. Taƙamata ita ce ba na duba takarda, ba na ɗaukar mita, na'urar gwada wuta; in na kalli launin waya na san inda ta nufa. Rumfar Oga Isuhu tana jikin tawa. Bakanike ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, ba shi da yawan magana, kuma in ya ce inji na da lafiya ba wanda ke sake tambaya.

Mai motar, Malam Garba, ma'aikaci ne a wata ma'aikatar jiha. A Katabu yake zaune, kullum sai ya yi sammako ya shigo gari. Injin motarsa ƙirar Japan ya buga, irinsa kuma ya yi wuya a kasuwa, sai Oga Isuhu ya je da kansa ya zaɓo masa na wata ƙirar, ya daidaita mazauni ya ɗora. Saura haɗa wayoyi, wannan kuwa nawa ne.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba: a jikin salansa, kusa da inji, akwai wata 'yar na'ura mai kama da fulogi da muke kira sansa. Aikinta ta shinshini hayaƙi ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota, wato birenbos, ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Waya huɗu gare ta: biyu na ɗumama ta, ɗaya ta kai saƙo, ɗaya kuma ta at, wadda ake ɗaurawa a jikin mota. Injin ya zo ba sansa, wadda aka samo kuma ta motocin Turai ce, soket ɗinta bai shiga namu ba. Na datse shi, na ga farare biyu, baƙa ɗaya, mai ruwan toka ɗaya. Fararen na ɗumamawa ne, wannan na sani. Baƙa kuwa, duk wanda ya tashi a sana'ar nan da ranƙwashi aka koya masa cewa baƙa ta jiki ce. Na ɗaura ta a jiki, na kai mai ruwan tokar birenbos, na naɗe da salatif.

Oga Isuhu ya leƙo ya ce, "Injiniya, ba za ka ɗan sa mita ba?"

Na ce, "Haba Oga, ai mita ta masu koyo ce."

Aka yi dariya, ni ma na yi.

Kwana huɗu sai ga Malam Garba ransa a ɓace. Mota na fitar da hayaƙi baƙi ƙirin, tana shan mai kamar an huda tanki. Oga Isuhu ya canja fulogi, ya wanke nozul, mutumin ya tafi, ya sake dawowa. A karo na uku motar ta mutu masa a Kawo da safe, ya makara, aka miƙa masa takardar neman ba'asi a ofis, abin da ya ce bai taɓa gani ba tunda ya fara aiki. Ya wuce rumfar Oga ya tsaya a tawa.

"Injiniya, tsakaninka da Allah, me ke damun motar nan?"

Ban ko leƙa ƙarƙashinta ba na ce, "Yallaɓai, ni dai ɓangarena lafiya lau. Sai a tambayi wanda ya zaɓo injin." Da na tsaya nan da sauƙi, amma bakina bai tsaya ba. Na ƙara da cewa, "Ka san akwai injin da ake wankewa a fesa masa fenti, a ce yanzu aka sauke shi daga jirgi."

Oga Isuhu yana ji. Ya ce a hankali, "Baƙin hayaƙi mai ne ya yi yawa, ba ringin cikin inji ba ne." Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma na san haka, amma ba wanda ya saurare shi.

Malam Garba ya kai ƙara wurin ciyaman ɗin gareji. Dokarmu ita ce in aka zargi wani da ha'inci, sai a kira taro ranar Asabar bayan la'asar, a ji kowane ɓangare. In abin ya tabbata a rufe wa mutum rumfa. Oga Isuhu ya ce zai sauke injin a buɗe shi a gaban shaidu, ya roƙe ni in cire wayoyina ranar Juma'a da safe, shi zai je ta'aziyya ya dawo.

Na shiga ƙarƙashin motar ni kaɗai. Na ɗauko mita ne kawai don in an tambaye ni a taro in ce na gwada. Na kwance baƙar daga jiki, na ɗora mata mita, na tayar da inji. Yana ɗaukar zafi sai lamba ta fara motsi. Wayar at kuwa ba ta taɓa sa lamba motsi. Wadda ke kai saƙo ce ke yin haka. Ashe a irin wannan sansar, baƙa ce mai saƙon. Mako uku ina zuba saƙon a jikin ƙarfe, birenbos na jin kamar mai ya yi kaɗan, yana ta ƙarawa.

Cikin minti goma na juya wayoyin na naɗe. Hayaƙi ya washe, inji ya koma yana tafiya sumul. Mutane suka taru, Oga ya dawo ya tarar da su.

Wani ya ce, "Injiniya, me ka yi mata?"

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya, kalma biyar ta isa. Sai na ji bakina na cewa, "Dabara na ɗan yi wa birenbos don ya lallaɓa injin."

Aka fasa sauke injin. Washegari a taro, Malam Garba ya yaba mini har yana cewa Allah ne ya haɗa shi da ni. Ciyaman ya ce tunda ba a kama hujja ba, ba za a rufe rumfa ba, amma ya ja wa Oga Isuhu kunne a bainar jama'a, ya ce ya ba mai mota haƙuri. Dattijo da furfurarsa ya miƙe, ya cire hula, ya ba da haƙuri kan injin da ba abin da ya same shi. Malam Garba ya miƙa masa bakin yatsu ya juya. Daga ranar abokan aikin Malam Garba, waɗanda suka daɗe suna kawo wa Oga motocinsu, suka ɗauke ƙafa.

A kwano ɗaya muke cin abincin rana da Oga Isuhu. Wata biyu ina ƙirƙiro uzuri, yau azumi, gobe ciwon ciki. Wata rana bayan azahar na kasa jurewa, na same shi zaune a rumfarsa ba mota ko ɗaya, na durƙusa na faɗa masa komai.

Ya ce, "Na sani, Tasi'u. Ranar Juma'ar, da ka tafi alwala, na shiga ƙarƙashin motar. Salatif ɗinka na farko baƙi ne, wanda na tarar ja ne."

"To Oga, me ya hana ka faɗa a taro?"

"Na ɗauka kai za ka faɗa. Har aka shafa fatiha bakinka nake kallo."

Ya ce shi ya yafe, amma ba a rumfarsa na ɓata shi ba, don haka ba a nan zan gyara ba. A taro na gaba na miƙe na faɗi komai, har da maganar fentin. Daga ranar sunan Injiniya ya bi ruwa, kuma ban yi kewarsa ba. Na hau mota zuwa Katabu neman Malam Garba, maƙwabta suka ce ya yi ritaya ya koma garinsu, lambarsa kuma ta daina shiga.

Ku da kuke tasowa, ku sa mita a kan kowace waya, ko da kun rantse kun san ta, musamman in inji da mota ba tare aka ƙera su ba. In kuma kuskure ya fito daga hannunku, ku faɗa tun maƙwabcinku bai ɗauke shi a kansa ba. A sana'ar nan sunan mutum ne ke kawo masa mota, ni kuwa na taɓa na wani don in kare nawa.

Oga Isuhu ya ajiye aiki, idonsa ya yi rauni. Nakan je gaishe shi gidansa a Abakpa, ya karɓe ni da fara'a, ya sa a kawo mini ruwa. Sai mun gama gaisawa, ya tambaye ni ko na samu labarin Malam Garba. So yake mutumin nan ya ji cewa bai cuce shi ba, tun kafin ɗayansu ya bar duniya. Har yau amsata ɗaya ce: "Ban samu ba tukuna, Oga."