Wuƙar damtsen Baba

"Ya ustaza, duk karatunki na jami'a ba ki san silah abyad ba?" in ji ɗan sandan.

Farin makami, wai. Sunan da doka ta ba wuƙar damtsen mahaifina ke nan, wadda 'yan sanda suka kwance masa ranar kasuwa.

Tun ranar Baba ko masallaci bai leƙa ba. Ya ce namijin da ba wuƙa a damtse tsirara yake yawo. Ta kakansa ce, da ita kakan ya tako daga Sakkwato har bakin Nilu. Shi ya sa na zo roƙo.

"Yanzu tana ina?" na tambaya.

"An lalata ta. Ku Fallata akwai saurin hannu." Fallata, haka suke kiranmu a nan, mu jikokin mutanen yamma.

Yana magana yana fere mangwaro. Na dubi ƙotar wuƙar da ke hannunsa. Baƙin icce ne, ga wayar da Baba ya naɗa inda ta tsage.

"Akwai kaifi kuwa, janabu?" na ce, yadda ake girmama ɗan sanda a nan.

"Wallahi kamar aska," ya ce, ya miƙo mini yanki.

Ban karɓa ba. Na ja masa ƙofa a hankali, na fito.

Jama'a, in na isa gida me zan ce wa tsoho?