Laka a Kan Kwanon Baba

Ranar wata Talata ce, ranar kasuwar garinmu, a damunar da nake aji uku. An kwana ana ruwa, da gari ya waye kuma sai sama ta washe, rana ta fito da ƙarfinta tun hantsi bai ɗaga ba. Ina tsugune a bakin murhu ina cin ɗumame sai na ji Inna ta saki salati. Ba komai ta gani ba illa rufin ɗakinmu, ruwa ya wanke shi fes, yana ta ƙyalli kamar sabon faranti. Kafin in kai loma ta gaba an miƙo mini bokiti, yayata Balki ta jingina tsani ta riƙe, na hau ina tauna. Laka ce a cikin bokitin, an kwaɓa ta da kashin shanu da ƙaiƙayi don ta kama. Aikina shi ne in bi kwanon nan falle-falle ina shafewa da hannu har ya koma kalar ƙasa. Inna na tsaye a tsakar gida ta kare ido da tafin hannu tana cewa, "Kulu, taka kan ƙusa, kar ki taka tsakiya. Kuma kar ki miƙe tsaye."

Wanda bai san garinmu ba zai ce wannan wane irin rashin hankali ne, mutum ya sayi kwano da guminsa sannan ya bi shi da laka. Garinmu yana can cikin ƙasar Zamfara, a bakin wani gulbi. A ƙetaren gulbin akwai tudu da daji, kuma tun kafin in yi wayo mutanen daji masu bindiga suka zauna a wurin. Bayan an sha wahala, an kwashe shanu, an binne mutane, sai dattawanmu suka zauna da su aka yi sulhu. Sharaɗin shi ne gulbi ya zama iyaka, su ba za su ƙetaro ba, mu ma ba za mu ƙetara ba. Kowa ya yi hamdala. Abin da ba a tsaya an warware ba shi ne gulbin namu hanya biyu gare shi. Akwai tsohuwar hanya can nesa wadda yashi ya cike, akwai kuma sabuwa da ambaliya ta yanka kusa da gari. Tsakaninsu fadama ce, baƙar ƙasa mai kyau, inda kowane gida yake da ɗan fegin albasa da rake da dankali. Dattawanmu suka ce tsohuwar hanya ita ce gulbi tun kakanni. Mutanen daji suka ce su inda ruwa ke gudu suka sani. To shi ke nan. Ba wanda ya ƙetara, amma duk ranar da suka hango mutum da fartanya a fadama sai su buɗe wuta daga kan tudu, samarinmu masu gadi su mayar musu, mu kuma da muke cikin gida harsashi ya riƙa sauko mana ta sama.

Makarantarmu ta boko ita ce ginin ƙarshe ta wajen gulbi, ita ta fara sha. Rufinta ya zama kamar rariya. Idan rana ta take, haske yakan ɗigo ta hudojin ya zauna a daɓe, mu kuwa da yarinta sai mu riƙa tsallake ɗigon nan da ƙafa ɗaya kamar muna 'yar gala-gala. Malamanmu daga birni suke zuwa a kan mashin, sai suka fara ɗauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da muka je muka zauna, muka gaji da zama, muka koma gida. Wannan aji ukun shi ne iyakar karatuna. A kan rufin makarantar nan ne maganar laka ta samo asali. Aka ce daga kan tudu ba a rarrabe gidan ƙasa, ya saje da gari, kwano ne ke kiran ido, shi suke saitawa. Ko wani ne ya ji daga bakinsu, ko tsoro ne kawai ya ƙago maganar, wallahi ban sani ba. Amma gidajen da ke da kwano a garin ba su da yawa, kuma duk suka ɗauki maganar.

Namu kwanon kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin Baba. Shekaru ya yi yana zuwa cirani nan Kaduna yana tura kurar ruwa, kafin ya iya rushe tsohon soron da kakanmu ya bari, wanda kowace shekara sai an yi masa yaɓe kuma bai fasa yoyo ba. Ranar da aka gama bugawa har maƙwabta suka shigo kallo, Inna ta dama musu fura. Na tuna Baba yakan zauna a ƙofar ɗaki idan ana ruwa, ya yi shiru yana sauraron ƙarar, in mun yi surutu ya ɗaga mana hannu. Saboda haka da Inna ta kawo masa maganar laka bai yi saurin yarda ba. Sai bayan kwanaki, wata safiya muka gan shi ya naɗe wando yana kwaɓawa da ƙafarsa. Shi ba zai hau ba, nauyinsa zai lotsa kwanon. Balki ma ta soma girma. Ni ce marar nauyi, shi ya sa aikin ya faɗo kaina.

Haka muka tashi muna gudun duk abin da ke sheƙi. Inna ta hana a kife tukwanen alminiyon a waje bayan wanke-wanke, ta tura madubinta ƙarƙashin gado. Ɗebo ruwa da tulu muke yi, ba da bokitin ƙarfe ba, mu tafi a ayari mu dawo ba a tsaya hira ba. Gaɗa ta tashi daga dandali ta koma zauren wani maƙwabcinmu, ana tafi a hankali kamar ana lallashin jariri. Amma yaro yaro ne. Mukan bi katangu da ƙusa muna tono kawunan harsasan da suka nutse a ciki, mu wanke su mu yi carafke da su, don sun fi tsakuwa daɗin riƙewa. Balki ba ta da na biyu a wasan nan, ta cinye ni kuma ta bi ni da tsiya, tana kallon hannuwana da laka ta farfasa tana cewa, "Sannu amarya mai lallen kashin shanu." Mun san muryar kowace bindiga. Ƙananan kamar ana suyar gugguru suke, ba mu cika tashi daga wasa saboda su ba. Babbar kuwa, wadda suke girkawa a kan tudu, kamar ana daka a turmin da babu komai take, ita ce idan ta soma kowa zai kwanta a gindin katangar da ta ba gulbi baya. Da hadari ya haɗo, Baba yana roƙon Allah ya saukar saboda gero, ni kuma a zuciyata ina roƙon ya wuce, don na san da safe ni ce a sama.

Abin da ya faru kuma bai faru a ranar da kwanon ke ƙyalli ba. An ɗan ɗauke ruwa a lokacin, lakar da na shafa ta bushe ta kama sosai, ko tsuntsu ya bi ta sama ba zai ce akwai kwano a gidan ba. Bayan la'asar ne. Inna na tankaɗe, ni ina tsince wake, Balki na kwance a ɗaki tana fama da zazzaɓi. Babbar ta buga daga tudu, ba ta ma daɗe ba ta yi shiru. Mun ɗauka an wuce, har Inna ta koma kan rariyarta, sai muka ji Balki ta kira, ba da ihu ba, a hankali, "Inna, zo ki gani." Muka tarar da huda a rufin, ƙurar laka na zubowa ta ciki, tabarma kuma ta jiƙe da jini daga ƙugunta. A amalanken shanu aka fitar da ita zuwa bakin titi, don babu mai motar da ke yarda ya shigo garinmu. Ta daɗe a asibitin birni. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, har yau sai ta dafa cinya take takawa.

Dattawa sun aika ƙetare a ji dalili. Na ji amsar da kunnena, ina bayan ƙyaure lokacin da mai unguwa yake faɗa wa Baba a zaure. "Sun ce sulhu na nan daram, ba wanda ya ƙetaro. Wani suka hanga a fadama, harsashin ya zarce." Baba ya ce, "Da soron na nan, da bai huda ba." Ban sake jin ya yi maganar ba. Da aka yi girbi aka kai gero rumbu, sai ya hau da kansa, bai damu da lotsewa ba, ya zare ƙusoshin nan ɗaya bayan ɗaya, ya sauke kwanon ya kankare lakar. Muka ɗora shi a motar da ta kawo mu Kaduna, mu muna zaune a kansa. Ɗakin da aka haife ni muka bar shi a buɗe yana kallon sama.

Yanzu ina Rafin Guza a ɗakin haya, da maigidana mai tuƙa keke Napep da 'yata Ummi da ba ta daɗe da fara gudu ba. Balki na Hayin Banki tana suyar awara a zaune, bakin nan nata bai mutu ba. Nan ba tudu, ba fadama, kowane rufi kwano ne, ba wanda ya damu da ƙyallinsa. Amma idan aka yi ruwa rana ta fito, sai in rasa abin da zan yi da hannuwana. Idan yara suka jefa dutse a rufi, ko aka fasa abin wasan wuta a gidan biki, kafin in yi tunani na riga na fizgo Ummi na danne ta a gindin bango tana kuka. Maigidana yakan ce, "Maman Ummi, nan fa Kaduna ce." Na sani. Sai dai nan ma na tarar da kogi a tsakiyar gari, na kuma ji yadda murya ke sauka idan an ce wancan ƙetaren. Na gaji da kasa kunne, amma ban san yadda ake dainawa ba.

Baba ya tsufa, ya bar turin ruwa, yana kasa albasar wasu a bakin kasuwa. Da kwanon nan ya yi rumfarsa. Wata rana na kai masa abinci, iska ta taso na ji rufin yana kaɗawa, na ɗaga kai sai na ga ashe bai buga masa ƙusa ko ɗaya ba, da waya ya ɗaure shi a jikin itace. Na ce, "Baba, ai iska za ta ɗauke." Ya ce in an buga ƙusa wajen cirewa yagewa yake, shi kuwa lafiya lau yake so ya mayar da shi gida. Wayar ta yi tsatsa ya sauya wata, ita ma ta yi ya sake sauyawa. Ni kam na daina tambayarsa yaushe.